Awakin da Suka San Ƙarar Birki

Matso kusa ka ji, don muryata ba ta kai nesa kwanan nan. Jawo wancan bencin, amma ka yi hankali da ƙafarsa ta hagu, tun bara take neman wanda za ta kayar. Labarin akuya zan ba ka. Na san za ka ce duk labaran da ke garin nan a rasa na bayarwa sai na akuya. To, ni dai shi nake da shi, kuma shi ya hana ni sakat tun kafin Kirsimeti.

A gidanmu, can ƙauyenmu na kudu a gindin duwatsu, akwai abin da uwa take yi wa 'yarta ranar da za a kai ta gidan miji. Bayan tukwane da tabarmi da kwandon acca, sai ta kwanto akuya mace guda daga turkenta ta damƙa mata igiyar. Kuma ba kowace akuya ba, sai wadda ta fito daga tsatson wadda ita ma uwarta ta ba ta. Ana cin 'ya'yanta, ana sayarwa in ta kama, amma ba a bari irin ya yanke, domin ranar da taki 'yar za ta tafi, daga cikinsu za ki ba ta. Mamata ta karɓa daga kakata, kakata ta karɓa daga wadda ban taɓa gani ba. Ni ma aka damƙa mini tawa, wata ja mai gajerun ƙafafu, aka ɗora mu a bayan a-kori-kura, ni da ita da kayan ɗaki, sai Kaduna. Abin da mamata ta ce mini a bakin mota bai fi wannan ba: "Kada ki bari ta ƙare a hannunki."

'Ya mace ɗaya Ubangiji ya ba ni, sauran duk maza ne. Ita ce auta, kuma aurenta ranar Asabar mai zuwa. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Baban yara a masaƙa yake aiki lokacin, muka kama haya a Gonin Gora, ɗaki biyu a wani gida da bai fi jifa biyu da kwalta ba. Ka san hanyar Abuja, ba sai na yi maka bayani ba. Ba ta hutawa. Ranar farko da wata tirela ta danna hon, akuyar nan ta tsinke igiya, ta bi ta tsakanin ƙafafuna ta shige ƙarƙashin gadonmu. Sai da baban yara ya ɗaga katifa ya cire katako biyu sannan muka fito da ita, jikinta sai ɓari yake yi.

Maƙwabciyata wata 'yar Binuwai ce mai sayar da lemo a bakin titi. Tana tsaye da tire a kai tana kallonmu, dariya har da hawaye.

"Amarya," ta ce, "ke da akuyar taki wa ya fi wani ƙauyanci? Abeg, ki sa ta makaranta."

Har yau Amarya take ce mini, ga shi ina da jikoki.

Na ji haushi, don a wurinmu wannan tsoron shi ake yaba wa akuya. Dila na zagayawa bayan gidaje, kura na saukowa daga dutse, shaho na shawagi in akwai ƙananan 'ya'ya. Akuyar da ta ji motsin da ba ta sani ba ta tsaya kallo, ba ta daɗewa. Wadda ta ruga ƙarƙashin rumbu ita ce ke kai shekara ta haihu. In mamata za ta yabi akuya cewa take yi, "Wannan tana da kunne." Tawa kam kunne gare ta har ya yi mata yawa, sai ga shi an kawo ta inda ƙara ba ta yankewa. Ta rame. Ba ta taɓa taka bakin ƙofar gida da son ranta ba har ta mutu. Dusa nake saya mata, ina roƙon harawa wurin masu kawo wake.

Duk da haka ta haihu. Bunsurun 'yar Binuwai ne uban, wani baƙi mai wari, haifaffen bakin titi, wanda yake ƙetare kwalta kamar mai zuwa ofis.

Ni ba mai fita ba ce. Kowa ya sani. Coci, kasuwa in ta zama dole, sai gida. Ban yi nisa a makaranta ba, aji huɗu na tsaya, amma Allah ya ba ni kunne. In ina zaune ina tsintar wake a tsakar gida, titin nan duk yana shigowa kunnena. Na san tirela mai kaya da wadda ba komai a cikinta. Na san tanka. Na san bas ɗin da za ta wuce da wadda za ta tsaya: direba zai ɗaga ƙafa, kukan injin ya sauka ƙasa, birki ya yi ɗan tsaki, kwandasta ya buga jikin mota sau biyu. Kafin ka ce me, 'yan talla sun kwasa a guje. "Ga lemo! Ga burodi! Oga, ruwa mai sanyi!" Fasinjoji su saya, su ci, su wurgo ɓawo ta taga. Ɓawon ayaba, ɓawon lemo, totuwar masara, gutsuren burodin da yaro ya ƙi ci. In motar ta tashi, ƙasa ta zama akushi.

'Ya'yan akuyata ba hali ɗaya suka ɗauko ba. Wasu sun biyo uwar, da an danna hon sai bayan randa. Wasu kuma ba tsoro ba lissafi, da sun hango ɓawo a tsakiyar kwalta sai su nufe shi. Waɗannan titi ya cinye su. Ba za ka so ganin abin da tirela take bari ba. Baban yara ya sha ɗaukar shebur da buhu ya fita, ya dawo ya wanke hannu. Na daina ƙirga su don raina ya huta.

Amma a kowace haihuwa sai a sami ɗaya, wani lokaci biyu, masu wani irin nutsuwa. Tirela ta zo tana ruri, ko kai ba sa ɗagawa. Da injin bas ya sauke murya kuwa, sai ka ga kunne ya miƙe gaba. Su tashi, su tsaya a gefen kwalbati, sai motar ta tsaya cik su shiga tsakanin ƙafafun 'yan talla. Da kwandasta ya sake buga jikin mota, sun ja da baya. Su ne suka yi ƙiba. Su ne suka haihu biyu-biyu. 'Ya'yansu suka fi su, jikokinsu suka fi 'ya'yan. Akuya ba ta ɗaukar lokaci, kafin yaronka ya gama firamare ka ga tattaɓa-kunnen tattaɓa-kunnenta.

Har ta kai 'yar Binuwai ta daina kallon hanya. Awakina take kallo. Da ta ga sun miƙe sai ta suri tirenta.

"Amarya, awakin nan naki sun fi kwandasta sanin aiki. Ya kamata in riƙa ba su kamasho."

Baban yara kuma in ya dawo ya tarar da su kwance cikinsu tim, sai ya ce, "Ka ga 'yan boko. Waɗannan ba su san ƙauye ba."

Da farko na ɗauka koyo ne kawai, 'ya ta ga uwa ta yi, ita ma ta yi. Akwai wannan, ban musa ba. Sai wata shekara wata akuya ta mutu wurin haihuwa ta bar mini jaririya. A kicin na rene ta, cikin kwali, da fidar yarana nake ba ta madara. Ba ta taɓa ganin titi ba, ba ta taɓa bin garke ba. Wata rana ina ba ta madara, wata bas ta sauke murya can waje, sai 'yar nan ta saki fida, kunnuwanta suka miƙe gaba, ta yunƙura za ta fita daga kwali. Na tsaya da kwalba a hannu ina kallonta. Wa ya gaya mata? Da na ba autata labari, lokacin tana sakandare, ta ce ai akwai shi a littafinsu, wai wurin da dabba take zaune shi ke zaɓen wadda za ta rayu ta haihu, har hankalin ya shiga jini. Na ce to, littafin naku ya zo Gonin Gora ya gani da idonsa.

Ga abin da ban gaya wa autata ba, don ni ma ban lura ba lokacin. Titi yana zaɓe, ni ma ina zaɓe. Kirsimeti ta zo, ko baftismar yaro, ko baƙi sun zo daga gida, baban yara zai tsaya da wuƙa ya ce, "Maman yara, wacce?" Ni kuma hannuna ba ya kuskure. Wadda take zaune a gida tana mini kuka sai na ba ta dusa, ita nake nunawa. Wa zai yanka akuyar da take ciyar da kanta? Da aka rufe masaƙa, baban yara ya koma gadi yau, leburanci gobe, abin ya ƙara ƙarfi. Bakin da ke jiran in ba shi, shi ne na tukunya. Shekara ashirin da wani abu ina yin haka, kuma ina ganin dabara ce.

Sau ɗaya mamata ta taɓa zuwa Kaduna, lokacin da aka yi mata aikin ido. Da ta fara gani sosai na fito da ita ƙofar gida don in yi mata burga. Wata bas ta tsaya, awakina suka tafi a jere, wata har tana karɓar ɓawon ayaba daga hannun wani fasinja ta taga. Na ce, "Mama, kin ga jikokin akuyarki?"

Ta daɗe tana kallo, hannunta a kan goshi.

"Waɗannan ba nawa ba ne," ta ce. "Kin mai da su 'yan talla."

"Mama, wayo gare su."

"Wayo kam akwai. Wa suke tsoro?"

Na yi dariya, na ce tsufa ne. Ba ta ƙara magana a kai ba. Shekara biyu bayan haka muka binne ta.

Mun daɗe muna ɗora bulo a kan bulo a wani fili a Kakau, can ciki bayan gari, inda gonaki suka fi gidaje yawa. Da yaran maza suka kama aiki suka taimaka aka yi rufi, muka kwashe kayanmu muka koma namu. Daga gidan zuwa kwalta tafiya ce mai ɗan nisa, ta wata hanyar ƙasa da babura ke bi, sai motar kwasar amfanin gona jefi-jefi. Baban yara ya gina rumbu a tsakar gida irin na ƙauye, ya ce ya gaji da ajiye masara a ƙarƙashin gado. Ni kam na ji daɗin shirun. Gwiwoyina sun riga sun fara ciwo, kaina ma ya gaji da hon.

Awakina ne ba su ji daɗi ba. Tara muka zo da su. Ga ciyawa har gwiwa, su kuwa sai su tsaya a turke su juya kunne wajen yamma, inda ƙarar hanya ke zuwa sama-sama in iska ta kaɗo. Sai da yunwa ta koya musu kiwo. Da damina dole a ɗaure, don kada su shiga gonar mutane. In an gama girbi kowa ya saki nasa su yi kalar kara da harawa. Haka ake yi a can, haka ma ake yi a ƙauyenmu, don haka ban ga abin tambaya a ciki ba.

A Kakau aka haifi matsoraciyar. Abin mamaki, uwarta ita ce shugabar garke, wadda ta fi kowa rashin kunya. Amma 'yar ta fito ja, gajerun ƙafafu, kamar an dawo mini da akuyar aurena. Babur ya wuce, ta shige ƙarƙashin rumbu. Baƙo ya yi sallama, rumbu. Ko murfin tukunya na yar, rumbu. Ta iya kiwo fiye da sauran, ta san inuwa, ba ta nisa da gida, amma ni da idon Gonin Gora nake kallonta. Sakarya nake ce mata. Da aka sa ranar auren autata, baban yara ya tambaye ni irin tambayar da ya saba, na nuna ta na ce, "Wannan ta farfesun biki ce." Na kuma nuna wata mai farin goshi, kyakkyawa, mai ido a buɗe, na ce wannan ce zan damƙa wa 'yata. Daidai ma, don gidan da mijin ya kama a Gonin Gora yake, layi biyu da inda muka zauna.

Ranar Lahadi ce, sati biyu kafin Kirsimeti. An gama girbi, an saki dabbobi. Gwiwata ta dama ta kumbura tun ranar Juma'a, na ce wa baban yara da auta su tafi sujada su yi mini addu'a. Unguwar ta zama wayam, kowa yana coci, daga nesa ina jin gangar zumuntar mata. Ina zaune a ɗaki na miƙe ƙafa a kan kujera ina shafa man zafi.

Sai na ji mota a hanyar ƙasa. Na ce a raina, wa ke kwasar hatsi ranar Lahadi? Na kasa kunne. Wannan ba motar gona ba ce, ƙaramar bas ce, tsohuwa, salansarta a fashe. Ta zo daidai gaban gidanmu, sai injin ya sauke murya. Birki ya yi ɗan tsakin nan. Aka buga jikin mota sau biyu.

Kafin in gane komai na ji kofatai. Duk garken, daga cikin karan dawa, a guje, da irin gudun murnar nan da na sani shekara da shekaru. Na ƙwala musu kira irin wanda nake yi in zan ba su dusa. Ko ɗaya ba ta juyo ba. Na lalubi sandata, na dafa bango, na ja ƙafa. Daga ɗakina zuwa ƙofar gida bai fi taku ashirin ba, amma ranar kamar zan je Abuja a ƙasa.

Da na leƙa, maza uku ne. An cire kujerun bayan motar. Ɗaya yana tsaye da burodi yana gutsurawa yana wurgawa cikin mota, biyu suna ɗagawa. Ba gudu, ba kokawa, ba ko kukan akuya. Mai farin goshin nan da idona na ga ta ɗora ƙafafun gaba a bakin ƙofa ta hau da kanta.

Na yi ihu. "Ɓarayi! Jama'a, ɓarayi!" Wa zai ji? Ganga ake bugawa.

Mai burodin ya juyo ya dube ni, ya dubi sandata. Matashi ne, bai fi ɗana na biyu ba.

"Sannu, Mama," ya ce. "Ki koma ciki ki huta, rana ta yi zafi."

Ya ja ƙofa ya rufe, suka tafi. Ko sauri ba su yi ba.

A dokin ƙofa baban yara ya same ni zaune. Maza suka hau babura suka bi sawun taya har kwalta, daga nan kuma sawu ya ɓace cikin dubu. Maƙwabcinmu wani dattijo ne manomi, ɗan asalin wurin, awakinsa sun fi nawa yawa kuma tare suke kiwo. Ko ɗaya ba a ɗaukar masa ba. Ya zo yi mini jaje, ya tsuguna ya cire hula.

"Nawa da suka ji mota sai suka watse daji, har yanzu biyu ba su dawo ba. Naki kuwa, Mama, kamar sun yanki tikiti."

Ya ga fuskata. Ya ce in yi haƙuri, ba da wata manufa ya faɗa ba. Na ce na sani, Baba, gaskiya ka faɗa.

Baban yara ya zauna a kan turmi da rigar cocinsa, ya daɗe yana kallon turakun da ba kowa. Daga baya ya ce, a hankali, "Bokon ya yi musu yawa." Ya so ya ba ni dariya ne. Ba wanda ya yi.

Ni abin da ke yawo a kaina maganar bakin mota ce. Kada ki bari ta ƙare a hannunki. Kakata ta riƙe cikin yunwa da fari, mamata ta riƙe, ni da na zo birni na ga na fi su dabara, a hannuna ta ƙare, wata huɗu kafin in miƙa.

Wajen la'asar auta ta je ɗebo masara don ta dafa mana wani abu. Sai na ji ta ce, "Mama! Mama, zo ki gani!" Na ce ba zan iya tashi ba, ki faɗa mini. Ta ce, "Sakaryarki ce." Tana can ƙarƙashin rumbu, ta manne da dutsen gindinsa, tun safe ba ta motsa ba. Da ƙyar auta ta jawo ta da ƙafa, jikinta yana ɓari kamar na kakar kakanninta a ƙarƙashin gadona.

Na riƙe wuyanta ina kallonta, kunya ta rufe ni. Irinta nawa na nuna wa wuƙa? Duk wadda ta zo mini da kunnen mamata, na sa an yanka na yi farfesu na raba wa maƙwabta. Ita ma da ɓarayin sun yi haƙuri zuwa bayan Ista, lokacin bikin auta, da sun tarar na gama da ita. Awakin da aka sace ba su yi wauta ba, ka gane. Abin da titi ya koya wa iyayensu, abin da ni na saka musu da shi da barinsu a raye, shi suka yi daidai ba kuskure. Ni ce na ɗauke su daga inda tsayawar mota abinci ce, na kai su inda ba mai tsayawa sai mai mugun nufi, na sake su, ban ko yi tunani ba.

Kirsimetin nan kaza muka ci. Ba wanda ya ƙara maganar farfesun biki.

Bayan sabuwar shekara dattijon nan ya leƙo ta katanga ya dube ta ya ce, "Mama, wannan ai ciki gare ta." Na shafa na ji. Bunsurunmu ne uban, cikin waɗanda suka hau mota. Ta haihu makonni kaɗan kafin Ista, 'ya ɗaya, mace, ja kamar uwar amma da ɗigon fari a goshi.

Tun daga ranar ba ni da aiki sai sauraro. In na ji babur ko motar gona daga nesa, sai in bar abin da nake yi in zuba wa 'yar ido. Uwar kam an sani, rumbu. 'Yar kuwa sai ta miƙe, kunne gaba, ta yi taku biyu wajen ƙofa. Sai ta waiga ta ga uwar ba ta nan. Ta tsaya a tsakiyar gida, ba ta je ƙofa ba, ba ta je rumbu ba, ta yi ta kuka har ƙarar ta wuce. Kullum haka. Ni ma in na gan ta sai in ji gajiya ta sauko mini har ƙashi.

Ba ta isa yaye ba, kuma biki ya zo. In za a ba da ita, sai da uwar. Baban yara ya ce a bar su a nan.

"Maman yara, kin ga abin da hanyar nan ta yi wa ta farko. Wannan ma haka za ta rame. A nan ne take da amfani. Ki bari in ta sake haihuwa a aika wa yarinya."

"Ranar tafiya ake bayarwa," na ce. "Ba a aikawa."

"Wa zai sani?"

"Ni."

Ya ɗaga kafaɗa ya fita duba gonarsa. Ya san in na yi wannan muryar an gama.

Na yi zaton auta ce za ta ƙi. Ma'aikaciyar jinya ce, aikin safe aikin yamma, ina ita ina dusa? Shekaranjiya tana gwada rigar biki a ɗakina na ce mata in ba ta so ta faɗa, ba zan yi fushi ba. Ta ce, "Haba Mama. Kaka ta ba ki, ni ki hana ni? Na riga na gaya wa angon ya kafa turke a bayan kicin." Ta ce 'yar Binuwai ma ta aiko, wai a gaya wa Amarya jikan bunsurunta na nan yana jira.

Don haka na sayi sabuwar igiya, tana rataye can a ƙusa, ka gan ta. Ranar Asabar motar kayan ɗaki za ta shigo ta hanyar ƙasa ta sauke murya a ƙofar gidan nan, uwar ta ruga rumbu, 'yar ta tsaya a tsakiya tana kuka. Za a jawo su, in damƙa wa 'yata igiyar, in faɗa mata abin da aka faɗa mini. Turkena zai zama ba kowa, karo na farko tun ina amarya. Ba ta ƙare a hannuna ba, da ƙyar, kuma ba da wayona ba.

Sai dai auta ta yi mini wata tambaya ranar, tana cire rigar ta kai, muryarta na fitowa ta cikin yadi.

"Mama, in sun yi yawa, Kirsimeti ta zo, wacce zan yanka wacce zan bari?"

In na ce ta bar masu tsoro, a bakin titi za ta zauna, za su rame a bayan kicin tana ciyar da su da guminta. In na ce ta bar masu zuwa wajen mota, na ga inda wannan ya kai ni, kuma ban san inda rayuwa za ta kwashe ta ta kai nan da shekara ashirin ba, balle 'yar da za ta haifa. Na ce mata zan yi tunani. Kwana biyu ke nan ina yi, ga Asabar ta matso, ga gwiwa ba ta bar ni in zaga in tambayi mutane ba. Shi ya sa na ce ka matso. Kai da ka zauna ka ji duka, in kai ne za ka miƙa mata igiyar nan, me za ka ce mata?